Daga Lugard Hall zuwa Dajin Kamuku: Tarihin Dokar Kare Namun Daji

Birnin Kaduna daga kada ya samo sunansa, domin tsohon jam'in kalmar shi ne kadduna, kuma kogin da ya ratsa garin ya yi suna da yawansu. Yau da wuya mai tsallaka gada ya hangi ko ɗaya yana shan hantsi a kan yashi. Amma a arewacin wannan kogi, cikin zauren Lugard Hall, Majalisar Jihar Arewa ta zartar da Dokar Namun Daji ta 1963, a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Ba ita ce ta farko ba. Tun 1916, shekara guda kafin a ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar adana namun daji. Sai dai wannan adanawa tana da lauje cikin naɗi. Baturen da ya biya kuɗin lasin yana iya harbin giwa don nishaɗi, shi kuwa maharbin ƙauye da ya gaji baka daga kakansa, yake kuma ƙarƙashin sarkin baka, sai ya wayi gari mai laifi a dajin garinsu. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta ƙara da hana farauta da mota, da guba, da cinna wa daji wuta.

Dokar 1963 ta ɗauki wannan gado ta mayar da shi na gida. Ta kasa dabbobi kashi uku: waɗanda aka haramta taɓawa, da masu kariya ta musamman, da waɗanda za a iya farautarsu da lasin. Ta kuma ba gwamnati ikon keɓe gandun namun daji. Lokacin ya dace, domin a Disambar 1962 aka buɗe wa jama'a Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. A ganina ƙarfin dokar bai tsaya ga jerin sunayen dabbobi ba. Ya dogara ne ga malaman daji da sarakunan da ke bayansu, waɗanda suka san kowane maharbi da sunan ubansa. Da aka raba Arewa jihohi a 1967, kowace jiha ta gaji takardar, amma ba kowace ce ta riƙe masu tsaron ba.

Daga nan magana ta koma kan fatauci. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a birnin Washington na Amurka a 1973 don taƙaita cinikin hauren giwa, da fatu, da dabbobi masu rai tsakanin ƙasashe. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ba ta haƙora da Doka ta 11 ta 1985, wadda ta yanka tarar Naira 1,000 ga wanda aka kama karo na farko da dabbar da ke jerin farko. Kuɗi ne a lokacin. Amma Naira ta yi ta faɗuwa tarar tana nan, har ta koma abin da ɗan sumoga zai biya yana murmushi, kuma sai a 2016 aka ɗaga ta zuwa Naira miliyan 5.

A Jihar Kaduna, dajin Kamuku ne ma'aunin duk wannan. En'e ta keɓe shi a ƙasar Birnin Gwari a 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun dajin tarayya a 1999, da faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, mafakar gwanki da gada da sauran namun dawa. A takarda babu dajin da ya fi shi kariya a jihar. A zahiri kuwa 'yan bindiga sun yi shekaru suna mafaka a cikinsa, kuma mai gadin da ba zai iya kwana a daji ba, ba zai tsare gwanki ba.

Akwai kuma wadda ta sulale ba tare da an lura ba, ba a daji ba, a tsakiyar gari. Ungulu, da a da ke cika mahauta har ake korar ta da dutse, ta zama hajar masu sayar da kayan tsibbu, kai da ƙafa da gashi kowanne da farashinsa. A 2015 ƙungiyar IUCN ta saka irin da muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.