Bangaskiya da Biyayya a Bakin Masu Bi: Nazarin Kalma da Tarihi daga Ƙasar Gwandu

Tsakure

Maƙalar ta dubi kalmomi biyu da Kiristoci masu ibada da Hausa suka ɗora rayuwarsu a kai, wato bangaskiya da biyayya. Ta warware ƙirarsu, sannan ta auna su da tarihin ikilisiya a yankin Jega, Aliero da Maiyama da sauran ƙasar Hausa. Hujjarta ita ce tun daga ginin kalma Hausa ta ɗaure yarda da aiki wuri ɗaya, kuma a nan ƙarfin wannan ikilisiya yake, a nan rauninta yake.

Gabatarwa

Da rani, manomin albasa a Kashin Zama ba ya lissafin ban ruwan da ya yi shekaranjiya. In ya yi wa fangali sakaci, ganye ya kwanta, albasa ta tsumbure, kuɗin fetur da taki su bi iska. Wannan aiki nasa da kalmar da Kiristan Hausa yake kiran imaninsa da ita, ƙirarsu ɗaya ce: ban ruwa, ban girma, ban haƙuri, bankwana, bangaskiya. Kowacce a cikinsu bayarwa ce, abu ne da mutum yake yi.

Yankin da ake magana a kai ƙasar Musulunci ce mai tushe. Gimbana, garin Malam Abdussalami wanda harin da aka kai masa ya shiga cikin musabbaban jihadin 1804, tana nan kusa da Jega, kuma kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19. Kiristocin wurin tsiraru ne. Akwai 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, akwai ma'aikata da malaman makaranta, akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, sai kuma mutanen ƙasar Zuru da Yawuri da aiki ko noma ya kawo. Galibinsu zaman wucin gadi suke yi. Tambayar da ta taso ita ce: me yake riƙe jama'ar da membobinta kullum a kan tafiya suke?

Abin da kalmomin suka ƙunsa

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta daga Zariya, tare da wasu irin su Dakta Andrew Stirrett na mishan ɗin SIM. Masu fassarar sun tarar da kalmar imani a bakin kowa, amma bangaskiya ce ta zauna a majami'a. Ba su ne suka ƙirƙiro salon ba, domin malaman Musulunci sun daɗe suna cewa a ba da gaskiya ga Allah da manzanninsa. Juyin 1980 ya sauya abubuwa da dama, har Yesu Kristi ya koma Yesu Almasihu, amma bai taɓa bangaskiya ba.

Biyayya kuwa daga bi ta fito, kamar yadda soyayya ta fito daga so, ƙiyayya daga ƙi, jayayya daga ja. Ɗafin nan na ƙarshe yakan nuna abin da ake ta yi, ko wanda yake gudana tsakanin ɓangare biyu. Abin lura a nan shi ne sunan da Kiristocin Hausa suke kiran junansu a cikin gida: mai bi, masu bi. In dattijo ya tambaya ko wane mai bi ne, yana tambayar addininsa ne, amma kunnen Bahaushe yana jin wata tambayar a ƙarƙashi, wato ko yana bin abin da ya ce ya gaskata. Saboda haka muhawarar da ta raba malaman tauhidi na Turai tun zamanin Martin Luther a ƙarni na 16, kan matsayin bangaskiya da ayyuka, ba ta samun gurbi sosai a wa'azin Hausa. Ikilisiyoyin bishara suna koyar da ceto ta wurin alheri, ba ta wurin aiki ba, amma babi na 2 na wasiƙar Yakubu, wanda ya ɗauki bangaskiya marar aiki a matsayin gawa, yana shiga kunne ba tare da dogon bayani ba.

Haka misalin magina biyu da ya rufe wa'azin Yesu a kan dutse, a Matiyu 7:24-27. Dukansu sun ji magana ɗaya, aikatawa ce ta bambanta su. Mutumin da yake zaune a gefen gulbin Zamfara, wanda ya ga ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, ya san yadda katangar laka take yi in ruwan Agusta ya ci gindinta: sama tana nan da yaɓenta, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, sai cikin dare a ji rugum.

Abin da tarihi ya nuna

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jagoransu Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a shiga sha'anin addini ba, kuma gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita shigar mishan masarautu. Shi ya sa Kiristancin jihar Kebbi ya yi saiwa daga kudu. Mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar UMCA ya isa ƙasar Zuru a shekarun 1920, cikin Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari. SIM kuwa ta sami ƙofa a lardin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930 ta hanyar jinyar kutare a Amanawa. Katolika sun zo daga baya, Sakkwato ta zama dayosis a 1964. A wurare da yawa Hausa ce harshen karatu da waƙa da addu'a, ko da ba ita ce ta goyo ba.

Misalin da ya fi haska batun daga ƙasar Zazzau yake. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka nemi Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da gonaki da makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya watsa garin. In da gini ne ma'auni, da labari ya ƙare. Amma waɗanda suka tsira sun ɗauki karatu da tsarin ibadar yau da kullum zuwa Zariya, daga nan Wusasa, kuma daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Irin wannan tsari ne ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, da takwarorinta suka gada: ajin masu shirin baftisma, makarantar Lahadi, ushiri da baiko, da Zumuntar Mata. Ita zumuntar ta fi cancantar nazari. Mata sanye da anko, da tulu da kacau-kacau, suna haddace ayoyi cikin waƙa, su ne masu zuwa gaida marar lafiya, su ne masu girki a gidan makoki. Ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canjin aiki daga Zuru zuwa Maiyama za ta tarar da waƙoƙin da ta sani da tsarin da ta saba tun makon farko.

Inda gizo yake saƙa

Biyayya a Hausa tana da abokiyar tafiya, wato ladabi, kuma su biyun na gaba suke kallo: uba, miji, sarki, malam. Nan haɗarin yake, domin da sauƙi biyayya ga Allah ta rikiɗe ta zama biyayya ga fasto da dattawa. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin bishara na ƙasar Maraɗi, ta keɓe babi guda ga yadda horo da dattijantaka da dokar aure suka zama fagen ja-in-ja tsakanin mishan da tubabbu. Har yau a majami'u da yawa wanda aka sa a horo yakan koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji sai ya cika wa'adi. A ganin mai wannan nazari, ma'aunin ya karkata: cikin shege da auren mace ta biyu ba sa ɓoyuwa, su ake kamawa, amma tauye mudu da danne haƙƙin ɗan ƙwadago sukan wuce salin-alin. Ayyukan Manzanni 5:29, inda Bitrus ya fifita bin Allah a kan bin mutane, a gaban shugabannin addini aka faɗe ta, ba a gaban gwamna ba.

Akwai kuma sauyin harshe. Majami'un gari da yawa yanzu sun kasu sashen Hausa da sashen Turanci, matasa da ɗalibai sun fi karkata ga na biyun. A Turanci kalmomin nan biyu, biyayya da mai bi, ba su haɗa tushe ba, don haka alaƙar da uwa take ji kai tsaye a sujadar Hausa, ɗanta da yake karatu a Aliero sai an tsaya an yi masa bayaninta a ajin nazarin Littafi.