Tarihin Dutsen Zuma Da Zuwan Kakanninmu Wannan Ƙasa

Duk wanda ya tashi daga Idu ya bi ta Karmo da Gwagwa da Dei-Dei, ya ɓulla Zuba zai miƙi hanyar Kaduna, to kafin ya wuce Madalla sai ya yi arba da wani ƙaton baƙin dutse tsaye shi kaɗai, da wata alama a jikinsa kamar fuskar mutum. Wannan shi ne Dutsen Zuma. Mu 'yan kasuwa kullum muna wuce shi da kayanmu, amma in ka tambayi yaranmu labarinsa, iyakar abin da za su ce shi ne, "Ai shi ne na bayan naira ɗari." Gaskiya ne, a 1999 aka sa hotonsa a takardar naira ɗari, to amma labarinsa ya girmi naira nesa ba kusa ba.

Dutsen yana cikin Jihar Neja ne, dab da iyakar Birnin Tarayya, kuma tsayinsa daga ƙasa ya kai kimanin mita 300. Mutanen da suka fara zama kewayensa su ne Koro da Gwari. Koro su ne suka kafa Zuba, kuma su ne masu tsaron dutsen a zamanin da. Ana ba da labarin wani ƙauye da ke cikin kurmi a gindinsa, inda ake yanka baƙin sa da baƙin bunsuru don tsafi, har baƙo ba ya kusantar wurin. Mu dai alhamdu lillahi mun san dutse halittar Allah ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikonSa. Amma sanin abin da ya wuce ba laifi ba ne.

To, ina Bahaushe ya shigo? Bayan da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, Malam Musa ya ci Zariya, sai Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yiwo kudu. Daga ƙarshe ya isa Zuba, domin dama Koro suna da tsohuwar hulɗa da Zazzau. A nan, a inuwar wannan dutse, Zagezagi suka sauke kayansu. Makau ya rasu a wajen yaƙi kusa da Lapai a 1825, ƙaninsa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi. Shi ne ya gina sabon gari a 1828, garin ya ci sunansa, wato Abuja. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu, wanda aka buga a 1952.

Haka aka zauna har Turawa suka zo, suka tafi. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Ikko zuwa tsakiyar ƙasa. Aka karɓi sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta tare. Mafi yawanmu bayan nan ne muka zo, wani da buhun hatsi, wani da tireda, wani da allonsa kawai.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi abu biyu ne. Na farko, kada yaranmu su tashi suna jin kamar jiya Bahaushe ya faɗo nan. Sunan birnin nan kansa sunan Bazazzage ne, kuma yau shekara kusan 200 ke nan. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, kada mu manta cewa Makau da gudu ya zo, masu ƙasa suka karɓe shi. Zuwan birni ya cinye gonakin Gwari da yawa, an tashi ƙauyukansu, mu kuma muna cin abinci a wurin. In saɓani ya taso a kan fili, ko rumfa, ko wurin kiwo, mu je wa dattawansu da ladabi kafin magana ta kai ga hukuma. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Muna roƙon malaman Islamiyyarmu su ware rana ɗaya su kai ɗalibai gindin Zuma, su faɗa musu wannan labari a gaban dutsen. Kuɗin mota dai ba zai gagari ƙungiya ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.