Tarihin Nazarin Yadda Mutane Ke Neman Bayani

Nazarin yadda mutane ke neman bayani da yadda suke aiki da shi reshe ne na ilimin laburare. Akan danganta mafarinsa da taron da ƙungiyar Royal Society ta shirya a Landan a 1948, inda aka duba yadda masana kimiyya ke karanta mujallu. An daɗe ana ƙirga masu shiga ɗakin karatu da littattafan da suka ara, ba tare da an damu da abin da ya kawo su ba.

A 1981 Tom Wilson na Jami'ar Sheffield ya nuna cewa ba a neman bayani haka kawai, wata buƙata ce ke tunzura mutum, ta aiki ko lafiya ko kwanciyar rai. Brenda Dervin ta kwatanta mai nema da matafiyin da ya tarar da giɓi a hanya yana laluben gada. Carol Kuhlthau kuwa, wadda ta bi sawun ɗaliban sakandare a Amurka, ta bayyana a 1991 cewa ruɗani kan ƙaru ne a tsakiyar bincike kafin a samu bakin zaren.

Duk da haka, galibin ra'ayoyin nan a kan masu karatun boko aka gina su. Wadda ta fi kusantar rayuwar karkara ita ce Elfreda Chatman, da ta zauna da masu shara da tsofaffin mata da fursunoni. A ganinta, mutanen da suka san juna sukan auna labari da wanda ya kawo shi, su yi shakkar na bare. A Najeriya, Olabimpe Aboyade ta Jami'ar Ibadan ta gwada kai bayani ga manoman ƙauyen Badeku ta hanyar magana da baki, daga farkon shekarun 1980.

A gari irin Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, farashin gero da ranar rabon taki sukan iso ta bakin dagaci, mai unguwa, liman, malamin gona, rediyo da 'yan cin kasuwa. Wayar salula, da ta shigo ƙasar a 2001, ƙara wa hanyoyin nan sauri ta yi, ba ta kashe su ba. Dakatar da allurar shan inna a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004 ta gaskata Chatman: sanarwa ta kai ko'ina, amma ba a amince da masu ita ba. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki iyaye da yawa suka fito da 'ya'yansu.