Karkashi: Tarihin Tsiron da Manomi Kan Kauce wa da Fartanya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san ba kowane haki ake nomewa a gona ba. Akwai waɗanda manomi kan kauce musu da fartanya idan ya zo kansu, ya gyara musu gindi, ya wuce. Daga cikinsu akwai tafasa da lalo da gasaya da karkashi. Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan na ƙarshen, ta dubi yadda magabata suka raine shi, da matsayinsa a shekarun yunwa, da kuma dalilan da suka sa yake ja da baya a gonakinmu. Na zaɓe shi ne saboda a gidanmu na ga renonsa, kuma a hannuna irinsa ya taɓa salwanta.

Sunansa da kamanninsa

Karkashi ɗan'uwan riɗi ne. Wasu kan ce kalkashi, a wajajen Katsina da Sakkwato da Jamhuriyar Nijar kuma an fi saninsa da yoɗo. Fulanin Adamawa da arewacin Kamaru suna kiransa gubuɗo. Masana tsirrai sun san shi da sunan Ceratotheca sesamoides, wanda wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Stephan Endlicher ya raɗa masa a shekarar 1832. Kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin kwanso mai ƙaho, domin kwanson 'ya'yansa yana da 'yan ƙahoni a ka. Ta biyun kuwa tana nuna kamarsa da riɗi.

Ya kamata malamai su lura cewa Bahaushe yana kiran tsiro biyu da wannan suna. Akwai dogo mai miƙewa tsaye kamar riɗi, wanda masana ke ce wa Sesamum radiatum, akwai kuma gajere mai yawan kwanciya a ƙasa yana yaɗo. Gajeren nake nufi a nan. Tsiron damina ne, ba ya shekara. Ganyensa kore ne a sama, fari-fari a ƙasa. Furensa kamar ɗan mazurari yake, ruwan hoda mai sirkin shuɗi, da ratsi-ratsi a cikinsa. Muna yara mukan tsinke shi mu leƙa ko akwai ƙudan zuma a ciki, sau da yawa kuwa akwai. Yana fitowa da kansa a ƙasa mai rairayi tun daga Senegal har Sudan, ya gangara zuwa kudancin Afirka.

Abin da rubuce-rubuce suka adana

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, littafi ne na sarakuna da yaƙe-yaƙe, ba na miya ba. Amma ya ambaci cewa Sarkin Kano Muhammadu Alwali, wanda ya yi sarauta daga 1781 zuwa 1807, ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, kuma duk da haka yunwar ta cim masa. Idan rumbun sarki bai tsare shi ba, sai mai karatu ya tambayi kansa da me talaka ya rayu.

Wanda ya tsaya ya tattara sunayen tsirranmu a rubuce shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka, wanda ya yi aiki a wurare kamar Katagum da Yola da Sakkwato. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Karkashi yana ciki, haka nan yana cikin ƙamusun Bargery na 1934. Sai dai a ganina abin da waɗannan littattafai suka kama suna ne da amfani. Ilimin renon tsiron yana hannun mata, su kuwa Baturen wancan zamani ba ya shiga cikin gida ya same su.

Yadda ake renonsa

Na tashi a wani ƙauye a arewacin Kano, ƙasar jigawa mai rairayi. Abin da zan bayyana a nan daga kakata ta wajen uba na gan shi, daga baya kuma daga mahaifiyata.

Hanya ta farko, wadda ita ce mafi tsufa, ita ce ta gyauro. Karkashin bara ya zubar da 'ya'yansa, ruwa ya sauka, ya tsiro a tsakanin kunyoyin gero. Aikin mutum a nan shi ne ya gane shi tun yana ganye biyu zuwa huɗu, ya bar shi. A lokacin noman firi kakata takan bi bayan masu noma tana nuna musu. Ranar da na fara riƙe fartanya na sare mata guda uku a jere. Ta ɗaga su ta nuna mini, ta ce, "Kai maigidan, miyar kwana nawa ka kashe mini yau? Da daddare sai ka ci tuwonka gaya." Ba ta hana ni miya ba, amma ban sake sare shi ba.

Hanya ta biyu ita ce shuka da gangan, a bayan ɗaki ko a gefen gayauna. Ba a shuka shi da ruwan farko. Sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙa sosai. Da yake 'ya'yan ƙanana ne ƙwarai, akan cuɗa su da rairayi a watsa, sa'an nan a ja reshen ƙaya ko tsintsiya a kai don ƙasa kaɗan ta rufe su. Wanda ya binne su a rami kamar dawa ya yi asarar iri. Idan sun fito sun yi cunkoso sai a cire, a bar tazarar kamar taki ɗaya na hannu ko fiye. Wanda aka cire ba a zubarwa, shi ne miyar farko ta shekara.

Ba ya son laka, ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Na ga wanda aka shuka a bakin rariya ya yi ɗorawa ya ruɓe a cikin marka, alhali ɗan'uwansa da ke kan tudu yana ta yaɗo. Taki kaɗan ya ishe shi, tokar murhu da kashin awaki. Babban abokin gabarsa a gida akuya ce, shi ya sa ake kewaye shi da ƙaya.

Inda gwaninta take shi ne wajen tsinka. Bayan kamar mako shida ake fara tsinkar kan reshe, ba a tuge shi. Duk inda aka tsinke sai ya fitar da rassa biyu, don haka yawan tsinka yawan ganye. Idan ya fara fure ganyen yakan ragu ya yi tauri, saboda haka mata kan tsinke furen don su tsawaita kwanakinsa. Amma kakata takan ware gindi huɗu ko biyar mafiya ƙarfi, ta ɗaura musu tsumma. Waɗannan ba mai taɓa su, na iri ne. Da kaka, idan kwanson ya bushe yana shirin tsagewa, sai ta yanke su da sassafe tun da sauran raɓa, ta shanya a kan faifai, ta murje, ta zuba 'ya'yan a ɗan gora tare da toka, ta toshe ta rataye a ɗaki. Wasu kwansunan kuma takan bar su da gangan su fashe a gona. Ashe hanyoyin biyu ba rabe suke ba, mai shuka ita ce mai tanadin gyauron baɗi.

Ganyen da aka tara a inuwa ake shanya shi a kan tabarma don kada rana ta cinye korensa. Sai a daka, a tankaɗe, a adana. Da ɗan kanwa da daddawa da barkono, in da hali da wake ko busasshen kifi, an sami miya mai yauƙi. Mata kuma suna jiƙa shi su wanke kai, yana warware gashi kafin kitso. Makiyaya kan yi amfani da santsinsa idan haihuwa ta yi wa dabba gardama.

Shekarun yunwa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta yi tsanani a 1914. Bayanta an yi 'Yar Buhu a 1927 da 'Yar Gusau a 1942. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina, ya bi tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa Silent Violence na 1983.

A nan ina son in yi gyara ga wata magana da nakan ji, wai karkashi ya ceci mutane daga yunwa. Wannan zuzutawa ce. Karkashi ba ya cika ciki. Waɗanda suka tsaya a madadin hatsi su ne irin su anza da 'ya'yan ƙarangiya, sai tafasa da ake kwaɗawa. Aikin karkashi daban ne, kuma na gan shi da idona a farin 1973, ina ɗan firamare. Geronmu bai kai ko'ina ba, amma karkashi ya yi, domin yana jure ƙarancin ruwa. Tuwon da ake tuƙawa a lokacin rabinsa dusa ne, yana kartar maƙogwaro, ƙananan yara da tsofaffi ba sa iya haɗiye shi. Yauƙin miyar ne yake wuce da shi. Ban da haka, garin da mahaifiyata ta tara ta riƙa sayarwa da ɗan gwangwani ranar kasuwa tana sayo gishiri da kanwa, wani lokaci har da tiyar dawa. Wannan kuɗi nata ne, ba na gandu ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta lissafinsa.

Yadda ya fara ja da baya

Abubuwa sun taru a kansa sannu a hankali. Garmar shanu, wadda aka fara yaɗawa a Arewa tun wajen 1930, tana kifa ƙasa ta binne abin da fartanya za ta kauce wa. Daga 1975, da aka buɗe manyan ayyukan bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gwambe, takin zamani da masara da shuka iri ɗaya a gona suka samu karɓuwa. An sami ƙarin hatsi, wannan ba abin musu ba ne. Yawan jama'a kuma ya cinye saurukan da ake barin su huta, inda mata ke zuwa tsinka. Amma wanda ya fi yi masa illa shi ne maganin feshi na kashe ciyawa, domin shi ba ya tantance haki.

A nan ne nawa laifin ya shigo. Shekarar da na bar aikin koyarwa na koma noma, kuɗin 'yan ƙwadago ya yi mini yawa, sai na sa aka yi wa gonar gidanmu feshi, shekara uku a jere. A ta ukun mahaifiyata, wadda tsufa ya riga ya hana ta zuwa gona, ta aiki jikarta ta tsinko mata karkashi. Yarinya ta dawo da kwarya wayam. Da na shiga gaishe ta da dare ta tambaye ni abin da na zuba wa gonar. Na ce, "Inna, magani ne na ciyawa." Ta ce, "To, ciyawar da kakarka ta bar mini ce ka kashe." Na ce zan sayo mata a kasuwa. Ta ce gari ake sayarwa a kasuwa, ba iri ba. Na duba goran da ke rataye a ɗakinta, abin da ke ciki ya shekara da yawa, na shuka bai fito ba.

Abin mamaki, a daidai lokacin da yake ƙaranci a gonakinmu, busasshen ganyensa yana tafiya ƙasashen waje. Matan Chadi suna kiransa ambunu, kuma da wannan suna ake sayar da shi ta intanet a Turai da Amurka a matsayin abin wanke gashi.

Na sami iri a wurin wata dattijuwa a ƙauyen da ke gabas da namu, wadda gonarta ƙarama ce har yanzu da fartanya ake nome ta. Ta ba ni cikin murfin kwalba, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce ba a sayar da irin miya. Na ware kunya shida a gefen gona inda feshi ba ya zuwa, na kuma ba wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a firamaren garinmu kaɗan, ya shuka da 'yan aji biyar a bayan ajinsu. Ya gaya mini cewa daga cikin yaran, waɗanda suka gane tsiron tun yana ƙarami 'yan mata ne guda biyu, dukansu kuma a hannun kakanninsu suke. A kakar da ta wuce na ɗaura tsumma a gindi biyar, akuyar maƙwabta ta ci biyu, na sami iri daga ukun da suka rage.