Tarihin Maganin Giya: Abin da Ɓeran Gwaji Ya Nuna



A yawancin littattafanmu, mashayi yakan tuba a babin ƙarshe, ya zubar da hawaye, shi ke nan labari ya ƙare. In kuwa ya koma ruwa, sai mu ce tuban muzuru ya yi. Tarihin neman maganin giya ya nuna lamarin ya fi haka nauyi, kuma an auna shi a jikin ɓera. Waɗanda suka karanci kimiyya a cikinmu, a jami'ar Wudil ko wata, sun san irinsa: farin ɓeran nan mai jan ido da ake kiwo a keji don gwaji.

A 1968, wasu masu bincike biyu a Amurka, David Sinclair da R. J. Senter, suka wallafa abin da suka gani. Sun saba wa ɓeraye da giya, sannan suka ɗauke ta na ɗan lokaci. Da aka mayar musu, sai suka sha fiye da yadda suka saba. Ashe hanawa kaɗai ba ta kashe ƙishirwar.

Daga nan masana suka samu ma'auni: maganin da ya rage wa ɓera wannan zari, ya cancanci a gwada shi a kan mutum. A shekarun 1980, Joseph Volpicelli na Jami'ar Pennsylvania ya ga cewa naltrexone, mai toshe wata hanyar jin daɗi a ƙwaƙwalwa, yana rage wa ɓeraye sha. A 1992 ya fitar da sakamakon gwaji a kan maza 70 na tsawon mako 12. Kashi 23 cikin ɗari na masu shan maganin ne suka koma ruwa, yayin da kashi 54 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta suka koma. A 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Amma ɓera ba shi da abokan majalisa, ba a binsa bashi, ba ya jin kunyar surukai. Magunguna da yawa sun yi aiki a keji, sun gaza a jikin mutum.

A nan namu aikin yake. Hisbah tana fasa kwalabe, gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma yaron da ya tuba yana nan yana fama da ransa kowace yamma. Wannan babin na bayan tuba mun rubuta shi kuwa? Mu tattauna.