Masu Sayen Tsoro da Masu Sayar da Shi

A safiyar 28 ga Fabrairun 2025 aka ɗaura nakiya a gindin wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 139 a jihar New Jersey ta Amurka, aka tayar, cikin 'yan daƙiƙu ta kife ƙasa. Sunanta Kingda Ka. Tun daga 2005 har zuwa rufe ta babu wanda ya kai ta tsawo a duniya cikin injinan nishaɗin nan da Turawa ke kira rola-kosta, waɗanda a nan za mu kira jirgin gangara: 'yan taragu marasa inji da ke bin siririn layin dogo, su hau tudu, su sulmiyo, su karkace, wani lokaci su juya mutum kai ƙasa ƙafa sama, sannan su dawo da shi inda ya taso. Kamfanin Six Flags ya rufe jirgin a Nuwamban 2024, kuma sai bayan an rufe ya sanar cewa rufewar ta har abada ce. Masoyan waɗannan jirage, mutanen da ke tsallaka teku don hawan minti ɗaya kuma suna riƙe da lissafin kowane jirgi da suka taɓa hawa, suka fusata. Rushewar ta yi musu zafi, amma hana su hawan bankwana ya fi ƙona musu rai. Shi kuwa kamfanin, abin da yake kallo shi ne injin da ke yawan lalacewa, mai cin kuɗin gyara, wanda kowane tarago nasa mutum 18 kawai yake ɗauka.

Wannan saɓani tsakanin mai sayen tsoro da mai sayar da shi ya girmi duk waɗanda ke yin sa a yau.

Asalin abin ƙanƙara ce. A ƙarni na 17 mutanen Rasha kan kafa dogayen sigogin katako a lokacin hunturu, su kwarara musu ruwa ya daskare, mutum ya hau matakala ya zauna kan abin zamiya ya sulalo. Har sarauniya Katarina ta sa an gina mata nata a gidan sarauta na Oranienbaum, kusa da birnin Saint Petersburg. Da wasan ya isa Faransa, inda sanyi bai kai ya riƙe ƙanƙara ba, sai aka sa masa ƙafafu: a 1817 aka buɗe irinsa a birnin Paris da taragu masu tayoyi a kan layi. Shi ya sa har gobe Faransawa da Sifaniyawa ke kiran jirgin gangara "duwatsun Rasha". Abin dariyar shi ne su Rashawan "duwatsun Amurka" suke ce masa.

Kuma ba su yi ƙarya ba, domin a Amurka abin ya zama sana'a, ta hanyar gawayin kwal. A 1827 wani kamfanin haƙar kwal a Mauch Chunk ta jihar Pennsylvania ya shimfiɗa layin dogo na kusan kilomita 14 daga kan dutse zuwa bakin kogi. Babu inji, nauyin kayan ke gangaro da taragun, alfadarai su ja su fanko su mayar sama, su ma alfadaran a tarago ake saukowa da su. Mutane suka fara biyan kuɗi a ɗora su. Da aka sama wa kwal wata hanya a farkon shekarun 1870, layin ya koma na 'yan yawon buɗe ido zalla. A 1884 LaMarcus Thompson ya gina ƙaramin kwaikwayonsa a Coney Island ta New York. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, gudun da mai keke zai raina, kuɗin hawa senti biyar, kuma idan tarago ya kai ƙarshe ma'aikata ne ke tura shi zuwa ɗaya layin. Duk da haka jama'a suka yi dogon layi. Cikin shekara guda masu gasa da shi suka haɗe layin ya zama zagaye, suka kuma sa inji ya riƙa jan taragu zuwa ƙololuwar tudun farko. Daga nan tsarin bai sauya ba: duk ƙarfin da jirgi zai kashe a tafiyarsa a wannan hawan farko yake tara shi, shi ya sa kowane tudu na gaba dole ya gaza na farko tsawo.

Ya kamata a lura da waɗanda suka zuba kuɗi a harkar tun farko. Da yawa daga dandalolin shaƙatawa na wancan zamani kamfanonin jiragen cikin gari masu aiki da lantarki ne suka kafa su a ƙarshen layukansu, don a samu fasinja ranakun hutu lokacin da ma'aikata ba sa zuwa aiki. Kennywood da ke kusa da Pittsburgh, wanda har yau yana aiki, haka ya samo asali. Wato tun ran gini tun ran zane: masu harkar 'yan sufuri ne, kuma ɗan sufuri kawuna yake ƙirgawa.

Darasin farko mai ɗaci an koye shi a kan zobe. A 1895 aka buɗe Flip Flap Railway a Coney Island, mai kifa mutum a cikin cikakken da'ira. Matsalar da'ira ita ce, kafin tarago ya iya ƙetare samanta ba tare da ya faɗo ba, sai ya shigo ƙasanta da gudu mai tsanani, kuma juyawar ba-zata a wannan gudu kan danne jiki da nauyin da ya ninka nasa sau da yawa. Mutane suka riƙa saukowa da ciwon wuya. Wanda ya biyo baya a 1901, Loop the Loop, ya gyara siffar zoben ya rage wahalar, amma bai yi shekara goma cikakku ba ya mutu, saboda mutane ƙalilan yake iya ɗauka a lokaci guda. Daga nan aka yi sama da shekara sittin ba a sake kifa fasinja da gaske ba. A 1976, a dandalin Magic Mountain na California, Bajamushe Anton Schwarzkopf da injiniyansa Werner Stengel suka kawo zobe mai siffar ɗigon hawaye: faffaɗa a ƙasa inda gudu ya yi yawa, matsattse a sama inda gudu ya ragu. Wannan siffa ce ake gani a ko'ina yanzu.

A tsakanin nan akwai John Miller, wanda in da ana adalci sunansa ya fi na Thompson cancantar a sani. Shi ya ƙirƙiro haƙoran ƙarfe da ke hana tarago zamewa baya a kan tudun farko, waɗanda ke yin ƙarar ƙwas-ƙwas ɗin nan da ke tsinka zuciyar fasinja tun kafin a fara komai. A 1919 kuma ya yi rajistar ƙafar da ke kama layi ta ƙarƙashi. Kafin ita, jirgi zaune kawai yake a kan layi, in ya yi gudu fiye da kima a kan tudu zai iya tashi, don haka wani ma'aikaci kan hau tare da fasinjoji yana jan birki. Bayan ita, tarago ya zama a ɗaure, mai zane ya samu 'yancin yin gangare mai tsayi yadda ya so. Shekarun 1920 suka zama zamanin zinariya na jiragen katako. Cyclone na Coney Island, wanda aka buɗe a 1927 da tudun mita 26, yana nan yana aiki. Takwaransa na Crystal Beach a Kanada, da aka buɗe a shekarar, ya yi tsananin da sai da aka ajiye ma'aikaciyar jinya a bakin tashar sauka. Masoya har yau suna ambaton sa da shauƙi, alhali kusan babu mai rai a cikinsu da ya hau shi. An rushe shi bayan kakar 1946, don 'yan kallo sun fi mahaya yawa kuma gyaransa ya fi ƙarfin abin da yake kawowa.

Karyewar tattalin arziki ta 1929, yaƙin duniya na biyu, sannan talabijin da mota, suka kashe mafi yawan tsofaffin dandaloli. Wanda ya farfaɗo da harkar, Walt Disney, ba ya ma sha'awar irin waɗancan wurare masu datti da hayaniya. Ya buɗe Disneyland a 1955 babu jirgin gangara ko ɗaya. Da ya yarda aka gina Matterhorn a 1959, sai ya zo da abubuwa biyu. Na farko layin bututun ƙarfe, wanda ake iya lanƙwasawa ta kowace fuska. Na biyu, wanda ba a cika yabawa ba, shi ne sakin taragu da yawa a kan layi ɗaya a lokaci guda. Dabarar ita ce a yanka layin gida-gida, kowane gida da birki a ƙarshensa, kuma doka ɗaya ce: tarago ba ya shiga gida sai wanda ke gabansa ya fita. A kan wannan doka duk lissafin dandalin zamani ya tsayu. Jirgi mai kujeru 32 da ke tashi kowace daƙiƙa 90 zai ɗauki mutum 1,280 a awa. In ma'aikata suka yi nawa wajen duba bel ya koma minti biyu, sun ragu zuwa 960. Shi ya sa za ka ga masoyi na gaske tsaye a layi da agogo a hannu yana auna tazarar tashi. A wannan fanni, a ganina, hukuncinsu abin saurare ne, domin suna ganin abin da baƙon rana ɗaya ba ya gani.

Masoyan sun zama ƙungiya a 1978, lokacin da aka kafa American Coaster Enthusiasts, bayan wata gasar juriyar hawa da aka shirya a 1977 don tallata wani fim. Suna da ra'ayi a kan komai. Sun fi daraja 'yan daƙiƙun da jiki ke ɗagowa daga kujera a kan tudu fiye da tsawo ko gudu. Sun tsani ƙananan birkunan da ake ƙarawa a tsakiyar layi don rage gudu, waɗanda injiniya ke sawa don katako da ƙarfe su daɗe. Sun rabu gida biyu da kamfanin Rocky Mountain Construction ya fara ɗora layin ƙarfe a kan tsofaffin sigogin katako a 2011: wasu suka ce ceto ne, wasu suka ce kisa ne da sunan magani. Sun kuma yi aikin da ba wanda zai yi in ba su ba. Leap-the-Dips na garin Altoona, wanda aka gina a 1902, ya yi shekaru a yashe kafin a tara kuɗi da taimakonsu a sake buɗe shi a 1999.

Inda nake rabuwa da su shi ne gasar tsawo, wadda suka yi wa tafi shekara da shekaru. Dandalin Cedar Point na Ohio ya haura mita 60 a 1989, mita 90 a 2000, mita 128 a 2003, sannan Kingda Ka ya ɗara shi bayan shekara biyu. Waɗannan biyun na ƙarshe ba sarƙa ke jan su ba. Wani injin matsin mai ne ke fizgar igiyar ƙarfe ya harba tarago, a Kingda Ka daga tsaye zuwa kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi. Wani lokaci ƙarfin harbin kan gaza, tarago ya kusa ƙololuwa ya dawo da baya. Masoya na ɗaukar wannan babbar sa'a, har su yi ta alfahari da ita. Ga mai dandali kuwa, layi ne ya tsaya, ga ɗaruruwan mutane a rana. A 2021 wani ƙarfe ya ɓalle daga taragon na Cedar Point ya yi wa wata mata da ke layi mummunan rauni, aka rufe shi, aka cire injin harbin gaba ɗaya. Wanda ya yi murnar ginin irin waɗannan injina bai kamata rushewarsu ta ba shi mamaki ba.

Haka kuma gunagunin da ake yi idan jirgi ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Sau da yawa wannan tsayawar alama ce ta cewa dokar gida-gida na aiki. A ranar 2 ga Yunin 2015, a dandalin Alton Towers na Ingila, wani tarago fanko da aka saki don gwaji a jirgin Smiler ya maƙale a tsakiyar layi. Kwamfuta ta gane, ta tsayar da tarago mai fasinjoji 16 da ke biye. Injiniyoyi suka zaci kuskuren na'ura ne, suka soke umarninta da hannu, taragon ya tafi ya afka wa na gaba. 'Yan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaiɗai. A 2016 kotu ta ci tarar kamfanin Merlin fam miliyan 5, kuma binciken ya ɗora laifin a kan tsarin aikin kamfanin da horon ma'aikata, ya wanke injin.

Gasar dai ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa inda kuɗi yake. Tun 2010 Formula Rossa na Abu Dabi ke gudun kilomita 240 a awa, har sai an ba fasinja tabarau don kare ido daga yashi da ƙwari. Saudiyya kuma ta gina Falcons Flight a Qiddiya, kusa da Riyad, wanda ke gangarowa daga kan wani dutse a layin da ya haura kilomita huɗu, da niyyar karɓe kambin tsawo da gudu baki ɗaya. Kamfanin da ya ƙera shi, Intamin, shi ne ya ƙera Kingda Ka, kuma sunan Six Flags ne a ƙofar dandalin. A can Melbourne ta Ostareliya kuwa, Scenic Railway da aka buɗe a 1912 bai taɓa samun ƙafar John Miller ba, don haka har yanzu ma'aikaci ke tsayawa a tsakiyar taragu, hannunsa a kan sandar birki, yana auna kowane gangare da ido.