Abincin Indiya a Birtaniya

Abincin Indiya na cikin girke-girken ƙetare da suka fi samun karɓuwa a Birtaniya. Tarihin gidajen sayar da shi ya faro ne a 1810, lokacin da Sake Dean Mahomed, haifaffen Patna, ya buɗe Hindoostane Coffee House a Landan. Gidan Veeraswamy da aka buɗe a titin Regent a 1926 shi ne mafi daɗewa cikin waɗanda suka rage.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta bunƙasa, musamman a hannun baƙi daga yankin Silhet na ƙasar Bangladash ta yau, waɗanda ke riƙe da yawancin gidajen. Sukan manna gurasar naan a jikin tanderu mai zafi, su gasa kaza a tsinke, sannan su tsoma ta cikin miyar tumatir mai kauri. Wannan haɗin, tikka masala, shi ne sakataren harkokin waje Robin Cook ya kira abincin ƙasa a 2001.

Girkin ya bambanta. A Birmingham balti ya shahara, wanda ake ci a kwanon ƙarfen da aka dafa shi. Gidajen mutanen kudancin Indiya kuwa suna toya dosa daga ƙullun shinkafa da wake da ya kwana ya yi tsami.